Harbi na Biyu a Hanyar Hatta

Sufeto Mubashir, Bahaushen Sudan da ke aiki da 'yan sandan Dubai, ya iso filin koyon harbi na hanyar Hatta da hantsi. Ya tarar da Musbahu, ɗan kasuwa a unguwar Naif ta Dubai, kwance rigingine, jini ya jiƙe jallabiyarsa sharkaf, ƙuda har sun fara taruwa. Abin ba kyan gani.

Gefensa ga bindigar: sabuwar ƙira ce a kan samfurin mutanen da, mai ganga da rami shida da guduma a baya.

Alhaji Muhyiddeen, abokin kasuwancin mamacin kuma mijin yayarsa, sai sharɓar kuka yake.

"Ni na zaɓe ta, Sufeto, don kyan ƙotarta. Na harbi allo sau ɗaya na ajiye. Wancan sakaran ya ture ta daga tebur, ta faɗi ta tashi!"

Sakaran shi ne Clement, mutumin Kafanchan mai ɗura wa baƙi harsashi. An riga an sa masa ankwa. Kowa ya san wa za a fi yarda da shi tsakanin Alhaji da ma'aikaci.

"Yallaɓai, ruwa na je ɗauko masu. Biyar nake sawa kullum, in bar rami ɗaya wayam a ƙarƙashin guduma. Irin wannan ko ka ja kunama ba ta tashi, sai ka ja gudumar baya da babban yatsa. Kowane harbi sai ka ja. Ina da yara a gida, yallaɓai."

Sufeto ya juya gangar a hankali. Kwanso biyu sun ƙone, uku na nan da ransu. Ya taka har gaban allon: fes, ko ƙwarzane babu.

"Alhaji, ina naka harbin?"

"Na kuskure. Ni ɗan koyo ne, habibi."

Likita ya mirgina gawar, ya yafito Sufeto. Ban da ramin harsashi da ke ƙirji, ga wani a ƙarƙashin hammata, jini ya rufe shi.

Sufeto ya dawo, ransa a ɓace.

"Alhaji, harbi biyu, rami biyu a jikinsa: ashe ba ka kuskure ba. Mu ce ta faɗi ta tashi. To a ƙasan, uban wa ya sake ja mata guduma?"

Kukan ya ɗauke ɗif. Alhaji ya sulale ya zauna daɓas.

"Ƙwaya Musbahu ya gano a kwantenar takalman da nake turawa da sunansa. Ya rantse sai ya kai ni gurinku."

"Wane harbi ne na farko?"

"Na hammata. Ya dafe gurin, ya dube ni ya ce, 'Yaya, ta kuɓuce maka ne, kar ka damu, kira asibiti.' Sai na sake jan gudumar."

Sufeto da kansa ya kwance ankwar Clement, ya ɗaura wa Alhaji, ya matse ta sosai.

"Yalla, tashi."