Safar da Ta Koyi Hannun Kaka Liyatu

Safar hannun ta yi ɗan kuka siriri kamar na sauro, sai rawar hannun Kaka Liyatu ta tsaya cak. Tsohuwar ta tsoma tsinke a narkakken kakin zuma, ta ɗora bakinsa a kan dafaffen ƙwan agwagwa, ta ja layi ya zagaya ya dawo daidai inda ya faro. Kafin minti biyu kifi ya fito a jikin ƙwan, da jelarsa da idonsa.

Asabar ce, jajibirin Ista, a hawa na talatin da ɗaya na wani dogon bene a Sabuwar Bukur. Motocin sama marasa direba suna gilmawa ta taga. A kan tebur akwai kwanuka huɗu na rini: zoɓo, ɓawon albasa, gangamau da baba. Fiye da shekara hamsin Kaka Liyatu tana zana ƙwai tare da yaran gidansu a irin wannan rana. A zana da kaki, a tsoma a rini, a goge kakin, zanen ya fito fari. Ranar Litinin kowane yaro ya ɗauki nasa zuwa filin Galili, inda jama'ar coci ke taruwa a ci a sha.

'Yarta, Injiniya Dinatu Habila, ita ta ƙera safar shekara uku da suka wuce, lokacin da ciwon rawar jiki ya hana uwar riƙe ko da cokali. Ta sa wa safar suna Miƙau. Zarurruka ne na lantarki, sirara kamar saƙar gizo, masu karanta saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka. Idan saƙon ya zo a hargitse, safar takan cinci inda hannun yake nufi ta kai shi can. Don ta iya cinta daidai, Dinatu ta loda mata hotunan ƙwai ɗari huɗu da uwarta ta zana tun tana da lafiya.

Abin ya karɓu fiye da zato. Maƙwabta suka gani, matan zumunta suka gani, masana'antar da Dinatu ke aiki ta fitar da ƙanana na yara, ta ce suna gyara rubutu da zane. An raba dubu goma sha ɗaya a birnin. 'Ya'yan Dinatu biyu, Ƙauna mai shekara goma sha biyu da Murna mai bakwai, kowacce na sanye da tata a bakin teburin.

"Kaka, na gaji da kifi," in ji Murna. "Ki zana mini keken Kaka Habila, wanda kika ce yana ɗaukar ki zuwa kasuwa."

Tsohuwar ta yi dariya. "Wannan tsohon ƙarfen? To, miƙo ƙwai."

Ta fara da ƙafar keken. Da'irar ta kai rabi, sai hannun ya karkata da kansa, ya yi jela. Ta ajiye, ta ɗauki wani. Wannan karon ta cije leɓe ta matsa. Safar ta yi kukanta, tsinken ya zame, reshen dabino ya fito, kyakkyawa, irin wanda ta zana wata Ista can baya. Na uku ya zama kurciya.

"Dinatu, zo ki ga abinki."

Dinatu ta fito daga kicin tana goge hannu. "Me ya faru, Mama? Ta matse ki ne?"

"Keke nake so. Ita kuma tana da nata ra'ayin."

Dinatu ta kara wayarta a wuyan safar, bayanai suka bayyana a allon bango. Ta daɗe ba ta buɗe su ba, don ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Akwai layin da ke nuna nawa ne daga motsin hannu ya fito daga mai hannun. Shekarar farko, saba'in cikin ɗari. Ta biyu, talatin da ɗaya. Bana, huɗu.

Ta fahimci abin nan take, domin aikinta ne. Duk lokacin da safar ta cinta daidai, ƙwaƙwalwa takan rage ƙoƙari. Da saƙon ya yi rauni, sai safar ta ƙara nata. Dinatu ta gwada ta wata shida kafin a fitar, ta ga rawar ta tsaya, ba ta auna abin da ke raguwa a ƙarƙashi ba.

"Mama, bari in cire miki na ɗan lokaci."

Ta zare safar. Hannun ya faɗi kan cinya. Ko rawar da aka sani babu. Kaka Liyatu ta zuba masa ido tana ƙoƙarin ɗaga ɗan yatsa ɗaya, ya motsa kaɗan ya koma.

"Da yana rawa, amma yana jin maganata," ta ce a hankali.

Dinatu ta juya wajen yaran. "Ku ma ku cire naku. Kowa ta zana mini da'ira a takarda."

Ƙauna ta koyi rubutu kafin zuwan Miƙau. Da'irarta ta fito a karkace, amma ta haɗe. Murna kuwa tun tana shekara biyar take sa safa, a gida da makaranta. Ta dunƙule fensirin kamar muciya. Layin ya tafi gefe, ya fita daga takardar. Ta sake, ya sake fita.

"Momi, ki mayar mini. Da ita na iya."

"Ba yanzu ba."

"Amma ni ce ta ɗaya a zane a ajinmu!" Sai ta fashe da kuka.

Dinatu ta shiga ɗaki ta kira shugaban masana'antar, Malam Kefas Dung, ta tura masa alƙaluman. Ya duba su.

"Injiniya, ki bari a gama biki. A jikin mutum biyu kawai kika ga haka."

"Ranka ya daɗe, uwata ce da 'yata. Yara dubu nawa ke sanye da ita yau?"

"Sunanki ne a jikin abin nan. Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Duk safar da aka raba tana haɗe da wayar iyayen mai ita, kuma Dinatu na da ikon aika sanarwar gaggawa. Ta rubuta layi biyar: abin da ta gano, da roƙon a cire wa yara safar, a dawo da ita masana'anta. Ta sa sunanta, ta aika.

Da ta fito, ta tarar Kaka ta sa Ƙauna ta ɗora mata ƙwai a tafin hannun da ya mutu, ta tallafe shi da na hagu. Murna na tsugune a gabanta da tsinke, hawaye bai bushe ba.

"Ƙafa biyu, 'yar nan. Ko ba su yi kama da ƙafa ba, ci gaba. Keken ma ai a karkace yake tafiya."

Suka ɓata ƙwai biyar. Na shida aka tsoma a zoɓo. Abin da ya fito ya fi kama da tabarau, amma Murna ta ƙi bari kowa ya taɓa.

Ranar Litinin suka je Galili. Tabarmi sun cika da kwandunan ƙwai, kifi da dabino da kurciya, ɗaruruwa, duk zanen hannu ɗaya, irin na Kaka Liyatu. Iyaye suna ta zuwa gaishe da Kaka Liyatu. Wata mata ta ja Dinatu gefe ta ce ta ga saƙon, amma ɗanta na da jarrabawa wata mai zuwa, ba za ta cire masa yanzu ba.

Masana'antar ta sallami Dinatu a makon da ya biyo. Likitoci sun yi wata shida suna gasa hannun Kaka Liyatu, bai dawo ba. Murna ta yi wata takwas kafin ta iya rubuta sunanta a miƙe. Hukumar lafiya ta birnin ta buɗe ofishi don karɓar safar daga duk mai son mayarwa, ta bar shi a buɗe shekara guda. Daga cikin dubu goma sha ɗaya, ɗari biyu da shida aka kawo.