Yatsun Mutari

Balkisa na zaune a tsakar gidansu na unguwar Boukoki, faifai a gabanta cike da jar dawar taimako, wadda a shekarar farin nan tsakuwarta ta kusa fin ƙwayarta yawa. Ɗanta Mutari, mai shekara biyar, ya duƙufa yana kama tsakuwa da yatsu biyu, ta suɓuce, ya sake kamawa.

Tun da ƙyanda ta kwantar da shi bara hannunsa ke rawa. Ko alli aka ba shi sai ya dunƙule shi kamar zai yi dambe. Malamar ajin ƙananan yara ta ce in aka koma lakwal, wato makaranta, bai iya riƙon alli ba, ba za a ɗauke shi ba sai baɗi. Ita ce kuma ta ce a riƙa ba yatsun ƙaramin aiki kullum, shi ya sa Balkisa ta ɗora shi kan tsinta da ɓarar gujiya.

Sai ga Inna Tabawa, uwar mijinta, wadda fari ya koro daga Tahoua.

"Yau ma? Angon nawa kika tasa gaba da aikin mata? Gobe sai ki ɗaura masa zane."

"Inna, don rubutu ne. Malama ce ta..."

"Rubutu a faifai? Ni na haifi mai rubutu, ban taɓa ba shi tsinta ba."

Da la'asar Hamisu, mijin Balkisa, ya dawo daga biro, wurin aikinsa, ko takalmi bai cire ba Inna ta tare shi. "Ko matarka ta daina sa shi tsinta, ko ta kama hanyar gidansu Maradi ta bar mini yaron. Na ba ka zuwa Juma'a."

Hamisu ya sunkuyar da kai. Shekara bakwai suna zaman so da ƙauna, amma Balkisa ta san mijinta sarai: bai taɓa musa wa uwarsa ba, ga mulkin soja ya ƙara koya masa shiru. Ta tsorata ƙwarai, ta ɓoye faifan, ko abincin kirki ta kasa ci.

Ranar Alhamis Mutari ya ɗauki alli da kansa. Ya ja layi a allonsa, allin ya karye. Ya cusa hannun cikin riga yana hawaye.

"Mama, hannuna ba ya jin magana."

Ta rungume shi, ba ta san Hamisu na tsaye bakin ƙofa ba. Nan ta yanke shawara: ba za ta daina ba. Da safe ta haɗa kayanta tana kuka.

Bayan sallar Juma'a Hamisu ya shigo da farar rigarsa.

"Balki, kawo faifan nan."

Ta kawo. Ya naɗe hannun riga, ya zauna kan tabarma, ya jawo ɗansa. Manyan yatsunsa suka yi ta kwaso dawa maimakon tsakuwa, har Mutari ya ce, "Baba, da biyu ake yi."

Inna ta riƙe baki. "Kai ma?"

"Inna, ban taɓa ƙin maganarki ba. Amma in aikin nan abin kunya ne, ni ya kamata a fara yi wa dariya. Balkisa kuwa ba inda za ta."

Inna ta daɗe tana kallon hannun jikanta yana rawa a kan faifai, sannan ta ja tsaki.

"Ku duka ba ku iya ba. Matsa can." Ta zauna, ta kama yatsun yaron da nata.

Da aka koma lakwal, Mutari ya ja layinsa a gaban malama. A karkace yake, amma allin bai karye ba, aka ɗauke shi a ajin.

To, ga darasi: mace mai haƙuri a kan gaskiya ba ta taɓewa, kuma namijin da ke son iyalinsa yana iya kare su ba tare da ya ɗaga wa uwarsa murya ba.