Zanen Ƙwaryar Inna

"Malam, kalle ni ka hwaɗi gaskiya! Ina kaɓ ɓoye Maigandi ranar da Bature yaz zo?"

Siddiƙu ya sunkuyar da kai. La'asar ce sakaliya a zauren gidansu Iyatu da ke Ƙofar Taramniya, inda ya saba zuwa zance, amma yau ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba.

"Haba sanyin idona, ki zauna mana..."

"Kada ka sake kirana da wanga suna!"

Ai ba don kyau ta so shi ba, Allah shaida, hancin nan nasa kamar an ɗora goro. Maigandi ne silar komai, ƙaninta kurma da ta raina tun rasuwar innarsu. Ko'ina aka kai shi sai a ce ba a koyar da wanda bai ji. Siddiƙu kaɗai, malamin zane a sabuwar makarantar sana'a da Turawa suka buɗe, ya karɓe shi. Shi ba ya riƙe bulala. Yashi yake baza wa yara, kowa ya zana abin da idonsa ya gani, wanda ya yi da kyau ya dafa masa kafaɗa. Da bakinsa ya ce mata hannu ba ya jiran kunne, ita kuwa tun ranar zuciyarta ta tafi.

"Ɗakin hwatu kar rufe shi," ta ce. "Ya nuna min da hannu. Kuma zanen da yay yi bisa jar hwata, kaɗ ɗauka ka aje gaban Attahiru ɗan hakimi!"

"Iyatu, gurbi ɗaya anka bayar na koyon dukanci, Bature kuwa ya zo zaɓen wanda za a ba. Babana baran hakimi ne, a gidan nan munka tashi. Ya ce in na kunyata ɗan ubangidanshi a gaban baƙo bai yahe min ba. Mi kike so in yi?"

"Ka yi abin da kake koya wa ɗiyan mutane!"

Ta shige gida da sauri, ta dawo da wata tsohuwar ƙwarya, ta ɗaga masa ita saitin ido. Zanen jikinta irin na jar fatar ne sak, tsuntsaye biyu a kan reshe.

"Ƙwaryar Inna ce. Ita ya zana, don bai da bakin da zai kira sunanta. Ita kab ba wani!"

Hawaye suka zubo wa Siddiƙu. Sai ga Maigandi ya leƙo zauren. Malamin ya miƙa hannu zai dafa kafaɗarsa kamar kullum, yaron ya goce, ya ɓuya bayan yayarsa.

Wayyo, nan ne abin ya kai mata maƙura. Har cikin ranta tana son mutumin nan, amma ta zare zoben azurfar da ya ba ta, ta ajiye a bakin ƙofa.

"Allah shi ba ka wadda ta hi ni haƙuri."

Da ya tafi, ta ɗebo yashi ta baza a tsakar gida, ta durƙusa ta kamo yatsan ƙaninta tana murmushin dole. Maigandi ya daɗe yana kallon yashin. Daga nan ya zare hannunsa a hankali, ya cusa shi cikin riga.