Jarrabawa Cikin Takaba

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Abdulmajid zuwa wata makarantar koyon jinya da ke Madawa. An sace takardun jarrabawar da 'yan ajin ƙarshe suka rubuta ranar Laraba.

Ya duba ƙofar biro, wato ofishin darakta, ba a ɓalle ta ba. Ga na'ura a kan tebur, ga takardun sauran azuzuwa, ba wanda ya taɓa su.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni da shugabar aji, Shamsiyya, don ɗaukar alli," in ji daraktan makarantar, Mushe Yunusa, kamar yadda ake kiran malamai a nan. "Ita kam cire ta daga zargi. Ba ta taɓa fashi ba, kullum hannunta na sama, aikin gida ita ke fara kawowa."

"Kowa ya rubuta jarrabawar?"

"Sai mutum ɗaya, Zulaihatu. Mijinta ya rasu a hatsarin mota, tana takaba a Galma. Aikin gidanta na zuwa, muna karɓa. Amma doka a fili take: wanda bai zauna jarrabawa ba ya faɗi, sai in ya kawo takardar likita. Kuma ta taɓa maimaita aji, ba a maimaitawa sau biyu."

"Ba ku ɗaga mata ba?"

"Sufeto, takaba ai ba ciwo ba ce."

Abdulmajid ya dube shi, ransa ya ɓaci. Makarantar da ke koya wa mutane tausayin majinyaci, ita ce ba ta da wurin ajiye mutuwa a cikin dokarta. Ya sa a kira Shamsiyya.

Ta shigo da farar rigar aiki, idonta a ƙasa.

"Yaushe rabonki da Zulaihatu?"

"Tun sadakar bakwai, ranka ya daɗe."

"To wa ke kawo aikin gidanta?"

"Ɗan kabu-kabu take ba."

"Mabuɗin fa?"

"Yana jakata, ban ba kowa ba."

Da azahar ya isa Galma. Uwar mamacin, Inna Jaratu, ta tare shi a bakin zaure.

"Ɗana, in don fita ce, ko ƙofar gida ba ta taka ba. Saura 'yan kwanaki ta gama. Lakkwal ɗin nan, makarantar tata, za ta gudu ne?"

Aka shimfiɗa masa tabarma a bayan labule. Ta gefen labulen ya hango littattafai a buɗe, da yara biyu kwance kusa da su.

"Malama, Allah ya ji ƙan mamaci. Karatun me kike, bayan an gama jarrabawa?"

"Amin, ranka ya daɗe. Ai za a sake ta," in ji Zulaihatu, muryarta da ɗan haske. "In na ci, na samu abin riƙon yaran nan."

"Wa ya ce za a sake?"

"Shamsiyya. Kowace Juma'a tana zuwa ta koya mini abin da aka yi. Wannan da ta wuce ta ce in daina kuka, kar in rufe littafi."

Juma'a. Ba wanda ya san da satar sai yau. Abdulmajid ya yi sallama ya tashi.

La'asar ta yi lokacin da ya sake zama da Shamsiyya a gaban Mushe Yunusa.

"Daga Galma nake," kawai ya ce.

Shamsiyya ta dube shi. Can hawaye ya zubo.

"Suna cikin buhun gero a ɗakina. Ban yaga ko ɗaya ba, har tawa tana ciki."

"Don me?"

"Na roƙi Mushe ya jira ta, har na durƙusa. Ya ce doka. Na roƙi Inna ta bar ta ta fito na yini ɗaya. Ta ce addini. Kowa da abin da ya riƙe, ba wanda ya riƙe ta. Na ce in takardu sun ɓace, dole a sake bayan hutu, lokacin ta fita takaba."

Mushe Yunusa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"To, tunda an samu takardun, ba batun sakewa. A gyara su kawai, a ba da maki. Ke kuma kin san hukuncinki, kora ce."

"Mushe," Abdulmajid ya ɗaga murya, "ma'aikatan jinya biyu za ku rasa a yini ɗaya, a ƙasar da mace ke haihuwa a kan amalanke kafin ta kai asibiti! Ba za ku janye ƙarar ba?"

"In na ɗaga wa ɗaya, sai na ɗaga wa kowa."

Abdulmajid bai fito da ankwa ba. Ya buɗe wa Shamsiyya ƙofar mota da kansa, 'yan ajinta na tsaye cirko-cirko a inuwar bishiyar bedi.

Shamsiyya ta tuɓe farar rigar, ta ninke ta, ta ajiye a kan benci. Ta sa ƙafa ɗaya a mota, sannan ta juyo.

"Ranka ya daɗe, don Allah kar a gaya mata tukuna. Ku bar ta ta gama babin da take karantawa."