Kwalbar da Ba Ta Taɓa Laka Ba

Ƙarfe tara na safiyar wata Laraba, cikin damunar 1987, aka kawo rahoto caji ofis cewa wata bas da ta taso daga Paiko ta kauce hanya ta faɗa rami kafin ta shigo Minna. Sufeto Zamani ya ajiye shayinsa, ya ɗauki hularsa, ya kira Saje Kudu suka fita.

Sun tarar da bas ɗin ta kwanta a gefe guda cikin ruwa da taɓo, doya ta watse ko'ina. Fasinjoji goma sha huɗu ne, yawancinsu mata 'yan kasuwa, kuma babu wanda ya mutu. Direban kaɗai, wani mai suna Yona, aka kwasa zuwa asibiti a sume.

Saje Kudu ya leƙa wajen direba, ya zaro wata kwalbar giyar ogogoro daga ƙarƙashin kujera, an sha rabinta.

"Yallaɓai, ai magana ta ƙare. A buge yake."

Zamani ya karɓi kwalbar ya jujjuya ta. Komai na cikin motar ya sha laka, har sitiyari, amma ita kwalbar a bushe take tas, ko ɗigo babu a jikinta. Ya naɗe ta a hankici, ya ce wa Kudu kada ya faɗa wa kowa abin da suka samu, ko inda suka same shi.

Cikin fasinjojin akwai wata dattijuwa, Barira, wadda ta zauna a bayan direba. Tana zaune kan buhu tana ɗaure gwiwarta da ɗankwali. Ta ce shekara shida tana shiga motar Yona, ba ta taɓa jin warin giya a jikinsa ba. Yau dai tun a tasha yake tari yana share hanci. Da suka yi nisa sai ta ga kansa yana sunkuyawa yana ɗagowa, ta taɓa kafaɗarsa sau biyu.

"Wa ya fara isowa bayan kun faɗi?" Zamani ya tambaye ta.

"Manoma ne suka fito da mu, ɗana. Can daga baya wani ya zo a kan babur, ya leƙa wajen direba, ya juya. Ban ga fuskarsa ba, ina ta kaina."

A asibiti Zamani ya samu matar direban, Alisabatu, tsaye a baranda. Daga unguwar Ketaren Gwari ta taho da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Tun kafin ta iso labari ya riga ya zaga cewa mijinta ya bugu ya kusa kashe mutane.

"Oga, shi ne ke karatun Littafi a coci ranar Lahadi," ta ce. "Ko burkutu bai taɓa sa wa a baki ba. Idan aka rubuta masa wannan, ya rasa lasin, ya rasa mutunci."

Zamani ya tambaye ta lafiyar mijin. Ta ce yana da hawan jini, yana shan maganinsa kowace safiya. Kwana uku ke nan mura ta kama shi, amma bai sha komai dominta a gida ba. Sai ta miƙo masa rigar da aka cire wa Yona. A ƙirjin rigar akwai wani jan tabo mai danƙo. Zamani ya shinshina. Ba jini ba ne, ƙamshi yake yi mai zaƙi. A aljihu kuma ya samu wata 'yar takarda a dunƙule, da ƙwayoyi biyu farare a ciki.

Ya kai su wajen Helen, ma'aikaciyar ɗakin magani ta asibitin. Ta duba tambarin ƙwayar, ta shinshina rigar, sannan ta sauko da wata kwalbar jan magani mai irin ƙamshin tabon ta ajiye a gabansa.

Ta bayyana masa cewa irin wannan maganin mura na ruwa, magani uku ne a haɗe. Ɗaya yana buɗe hanci, amma yana iya ɗaga jini ya sa zuciya bugawa da sauri. Ɗaya yana tsayar da majina da atishawa, shi ne mai kawo barci. Na ukun yana kwantar da tari, yana kuma iya ƙara jiri. Ƙwayar da ke aljihun Yona ita ma ta mura ce, kuma akwai biyu daga cikin ukun nan a cikinta.

"Wato ya sha abu ɗaya sau biyu?"

"Haka ne, Yallaɓai. Maganin ba mugu ba ne idan an bi ƙa'ida. A auna da cokalin magani yadda aka rubuta a jikin kwalba, kada a haɗa shi da wani na mura ko da giya, kada a tuƙa mota bayan an sha. Mai hawan jini kuwa, sai ya tambayi likita tukuna. Lokacin da aka kawo mutumin nan jininsa ya hau sosai, kuma babu wanda ya ji warin giya a bakinsa."

Da azahar Zamani da Kudu suka isa tashar Paiko, suna tambayar inda Yona ya samu magani. Direbobi suka yi ta noƙewa, kowa ya ce bai ga komai ba. Wata mai abinci ce ta nuna musu wata rumfa da baki, ta ci gaba da zuba miya.

Mai rumfar shi ne Ndaceko, ɗan kamasho mai lodin motocin Minna, wanda 'yan tasha ke kira Dokta. Ya tarbe su da fara'a, ya share musu benci. Ya ce tun asuba bai motsa daga tasha ba, kuma shi ba ya sayar da magani, sunan Dokta wasa ne kawai.

Zamani ya dubi babur ɗin da ke jingine a bayan rumfar. Tayoyinsa sun yi jawur da ɗanyen taɓo, alhali tsakuwa ce shimfiɗe a filin tashar.

"Me kake gani ya jawo hatsarin nan?"

"Ranka ya daɗe, abin kunya ne. Mutum ya ɗauki rayukan jama'a da kwalbar ogogoro a ƙarƙashin kujera."

"Wa ya ce maka ogogoro ce? Wa ya ce maka a ƙarƙashin kujera take?"

Ndaceko ya yi sauri ya kare kansa. Ya ce a bakin mutane ya ji. Zamani ya ce mutum biyu ne kacal suka ga kwalbar, ga su nan zaune a gabansa, sai kuma wanda ya ajiye ta.

Saje Kudu ya ɗaga buhun da aka rufe wani akwatin katako da shi. Cike yake da ƙwayoyi a warwatse da kwalaben jan magani, an ɓare takardun jikinsu. A sama ga wani ƙaramin kofin shayi, gindinsa da sauran ja mai danƙo.

Ndaceko ya zauna a ƙasa. Ya ce da safe Yona ya zo yana cewa jikinsa ba daɗi, zai koma gida. Shi kuwa ya riga ya cika motar da fasinja, ba ya son a sauke kaya. Sai ya cika masa kofin nan, ya haɗa masa da ƙwaya huɗu, ya sa shi ya haɗiye biyu nan take. Yona ya tambaye shi ko ba zai sa shi barci ba, ya rantse masa cewa ido ma zai buɗe masa. Bai tambaye shi ko yana da wani ciwo ba. Da labarin hatsari ya iso, tsoro ya kama shi, domin an taɓa yi masa kashedi kan sayar da magani ba izini. Ya sayi ogogoro, ya zubar da rabi, ya hau babur.

"Ban yi nufin kowa ya ji ciwo ba, Ranka ya daɗe."

"Na yarda da wannan," Zamani ya ce. "Amma kwalbar da gangan ka ajiye ta."

Kudu ya sa masa ankwa, ya ɗauki akwatin a kafaɗa. Direbobin da suka ce ba su ga komai ba suka dare, aka wuce da shi ta tsakiyarsu zuwa mota.

Ana kiran sallar la'asar Zamani ya koma asibiti. Yona ya farfaɗo, kansa a naɗe da bandeji, jininsa ya sauka. Abin da ya fara tambaya shi ne mutum nawa suka mutu. Da ya ji babu ko ɗaya, ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe a haka.

Zamani ya faɗa masa an wanke shi daga zargin giya, amma zai zo ofis ya ba da bayani, domin ya ji barci yana fizgarsa bai tsaya ba. Yona ya ce gaskiya ne, tun a rabin hanya ya kamata ya faka.

Alisabatu, wadda tun safe ba ta zauna ba, ta lalubi bakin gado ta zauna a hankali. Ta share ido da gefen zane, ta dubi nas ɗin da ke tsaye.

"Sista, yanzu zai iya shan kunu? Tun jiya bai ci komai ba."