Ƙwallon Ƙarshe a Farantin Baba

"To ki faɗa min da bakinki, Hajar! Ki dube ni ki ce kin fasa auren!"

Hajar ba ta dube shi ba. Tana tsaye a matakalar benen gidansu da ke unguwar Manfuha a Riyad, tana murza bakin abayarta. Nu'uman kuwa ko kayan asibiti bai cire ba, daga wurin aiki ya wuto.

"Ban ce na fasa ba..."

"To me kika ce?"

"Na ce zan bi Umma gida."

"Gida? Wane gidan? Ke da ko hanyar Katsina ba ki sani ba? Ke da in kin yi fushi Hausar ma guje miki take yi?"

"Halas, Nu'uman! Don Allah halas!" Da Larabci ta ce ya isa haka.

"Kin ji ko?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, sai kuma muryarsa ta yi ƙasa. "Habibti, in kika tafi da huruj, takardar fita ba dawowa, ban san ranar da zan sake ganinki ba. Ni kuma kwantiragina bai ƙare ba, ƙannena duk ni suke kallo."

"Ita kuma Umma wa take kallo? Ni kaɗai gare ta."

Ta juya ta haura da gudu, don kada ya ga hawayenta.

Maganar ba ta da wani ɓoye. Mahaifinta, Malam Isiyaku, direba ne a garin nan na Riyad tun kafin a haife ta. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, da ta mahaifiyarta Sabuwa duk a ƙarƙashin tasa suke. Da Allah ya yi masa rasuwa, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya yi musu kara, ya ce su zauna har Umma ta fita takaba, daga nan sai tafiya. To ga shi ta fita. In Hajar ta auri Nu'uman, takardarta za ta koma hannunsa ta zauna. Ya yi ta zirga-zirga ko za a haɗa masa da Umma, aka ce babu hanya.

Umma kuma gwiwoyi sun fara gajiya, ido ya fara hazo.

Hajar ta tarar da ɗakin cike da kwalaye. Umma na zaune a ƙasa tana ware abin ɗauka da abin bari. A gefen na bari, sai ga babban farantin nan na silba da wani tsohon gwangwanin madara.

Ta durƙusa ta buɗe gwangwanin. Ƙwallayen dabino ne cike, sun yi santsi don taɓawa. A can ƙasa akwai wani ƙulli a tsumma.

Nan take Juma'o'in Baba suka dawo mata.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci an ci shinkafar kabsa, Umma za ta goge farantin nan tas, ta kawo shayi. Baba ya naɗe hannun riga, ya juye ƙwallayen a gefensa.

"Hajar ɗin Baba, ina muka tsaya?"

"A Misra, Baba!"

"To a'a, sai mun fara daga fari. Matafiyi ba ya tsallake gari."

Sai ya ajiye ƙwallo ɗaya a bakin faranti na dama. "Nan Makka." Ya ajiye wani sama da shi kaɗan. "Nan Madina. Daga nan fa aka taso, mutane 'yan kaɗan, wasu ko takalmi babu." Haka zai yi ta jerawa, Sham, Kufa, Bagadaza, har su zo inda suka tsaya. Dokarsa ɗaya ce, gari ba ya samun ƙwallo sai Hajar ta ci dabinonsa. Ita za ta cinye, ta lashe ƙwallon, shi kuma ya ɗora shi a wurinsa ya fara labari.

Baba bai yi boko ba. A masallaci ya tsinci labaran, da kasakasai na wa'azi da yake saurara yana tuƙi. Amma in yana ba da labarin Bagadaza, sai ka rantse a kasuwar masu takarda ya yi ƙuruciya. Ya ce a can akwai gidan da aka tara littattafan duniya ana juya su zuwa Larabci, akwai asibitin da talaka ke kwanciya a duba shi. Ya ce a Ƙurɗuba ta Andalus har fitilu ake kunna wa masu wucewa a titi.

"Sun fi na Riyad haske, Baba?"

"Ke! Na Riyad wutar lantarki ce. Waɗancan kuwa mutum ne yake bi yana zuba musu mai, don kada baƙo ya yi tuntuɓe."

Umma daga kicin sai ta ce, "Malam, kai dai kamar da kai aka zuba man."

"Da ni mana, Sabuwa! Ke ce dai kika ƙi raka ni."

Ƙullin da ke cikin tsumma kuwa, busasshen dabino ne guda ɗaya, irin mai taurin nan na kasuwar Katsina. A aljihunsa ya zo da shi ranar da ya baro gida. A ƙasar da dabino ke zubar da zuma, shi wannan yake lallaɓawa kamar zinare.

"Wannan na Katsina ne," in ji shi. "Ranar da labari ya iso bakin faranti na hagu, ranar za ki ci shi. Daga nan sai mu ɗaure kaya mu tafi gida."

Amma labarin bai taɓa isowa ba. Sun wuce Ƙairawan, sun shiga Fas, sun tsaya a bakin Sahara inda ayarin gishiri ke haɗuwa. Sai Baba ya dafe goshi ya ce, "Af! Na manta ban ba ki labarin Samarƙand ba." A koma gabas. Shekara ta zagayo, a sake zuwa bakin rairayi, ya ce ai bai gama da masu jiragen ruwa na Basra ba.

Ranar da Nu'uman ya fara zuwa ma haka aka yi. Baba ne ya tsinto shi a masallaci, sabon zuwa, yana ta raba ido. Ya ce ɗan gida ba zai ci abincin Juma'a shi kaɗai ba. A lokacin har sun kai Timbuktu, Hajar tana murna saura ƙiris. Baba ya dubi baƙon, ya dubi 'yarsa da ta zuba shayi har ya malala a kan tire, sai ya tattare ƙwallayen kaf.

"Baƙo ya zo, sai a koma Madina."

"Haba Baba!"

"Yo a bar shi a baya? Ko ke za ki ba shi labarin?"

Ta rufe fuska ta shige ɗaki, tana jin dariyarsu.

"Hajar." Muryar Umma ce ta dawo da ita. "Kin jiƙa min tsumman da hawaye."

"Umma, me ya sa kika sa su a kayan bari? Da su za mu tafi."

Umma ta ci gaba da ware kayanta. "Na ji ku a bene. Yaron nan ko ruwa ba ki ba shi ba. Ki kira shi, ki ce na ce jibi Juma'a ya zo ya ci abinci."

"Umma, na riga na yanke..."

"Na ce ki kira shi."

Ranar Juma'a ya zo, ya durƙusa ya gaida Umma, ya zauna a inda ya saba. Wurin Baba kuwa babu wanda ya kalla. Aka ɗan taɓa abincin aka ture. Sai Umma ta jawo farantin, ta goge shi da kanta, ta matsa ta zauna a wurin mijinta.

"Ni ban riƙe sunayen garuruwan nan ba. Hajar, jera."

Hajar ta fara. Makka. Madina. Sham. Bagadaza. In ta kakare, Nu'uman ya tuna mata a hankali. Misra, Ƙairawan, Ƙurɗuba, Fas, har Timbuktu. Bakin faranti na hagu ya rage fili.

"Nan ya tsaya," in ji Hajar. "Kullum sai ya manta wani abu ya koma."

"Ya manta?" Umma ta yi murmushi. "Mutumin da ya san lungunan Riyad kamar tafin hannunsa? Ke kin zaci mantuwa ce?"

Hajar ta ɗago.

"Kina 'yar ƙarama, ranar da kuka fara zuwa bakin Sahara, kika tambaye shi ko ƙawarki Sumayyah za ta bi mu gida. Ya ce a'a. Kika yi ta kuka har kika yi zazzaɓi. Ba ki tuna ba ko? To shi bai manta ba. Ya ce min, 'Sabuwa, mu muke da Katsina. Yarinyar nan a nan aka binne cibiyarta.' Na ce to ka daina labarin mana. Ya ce alkawari ya yi, ba zai karya ba, amma babu wanda ya ce masa ga ranar da zai iso."

"Baba..." Hajar ta toshe bakinta.

"Ni kuwa na ji ƙarshen. Ni ya ba wa, muna zaune mu biyu." Umma ta miƙa hannu ta kwance tsumman. "Ya ce wasu mutane ne suka taso daga ƙasar Mali, Wangarawa, malamai da fatake. Da littattafai a bayan jakuna suka shigo ƙasar Hausa. Na ce masa, to da suka gama sai suka koma gidajensu? Ya ce ina! Zama suka yi, suka yi aure, suka haihu, aka binne su a can. Ya ce haka aka yi a kowane ƙwallo da ke farantin nan. Wani ya baro Madina ya tsufa a Sham. Jikansa ya baro Sham ya tsufa a Ƙairawan."

Ta juya dabinon a tafinta.

"Sai na ce, Malam, su waɗannan mutanen ba su da iyaye mata ne? Ya ce suna da su. Na ce to kai labarin masu tafiya kake ta bayarwa, wa zai ba da na waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa suka ce Allah ya kiyaye hanya? Wallahi ranar ce kaɗai na ga na ƙure shi."

"Umma, ba zan iya ba! Wa zai ɗiga miki maganin ido? Wa zai shafa miki man gwiwa?"

"Ƙanwata Balki tana nan, 'ya'yanta cike da gida. Tun yaushe take min gorin na ƙi dawowa? Ni gida za ni, Hajar. Zan ji kiran salla daga unguwarmu, zan sha fura ta gaske. Ke kuwa in kin bi ni, baƙunta za ki je, kina kallon waya kina ramewa, ni ina kallonki. Wannan shi ne kula da ni?"

"Umma..." Nu'uman ya fara magana. "Wallahi ban so in raba ku ba."

"Kai yi min shiru, ɗan nan, da kai zan zo. Malam yana kwance a maƙabartar Nasim. Mu mata ba ma shiga. In duk muka watse, wa zai je ya yi masa sallama?"

"Ni, Umma. Duk Juma'a in sha Allahu."

"Kuma duk hutu ka kawo min ita."

"Na yi alkawari."

"Ba irin na Malam ba dai, a tsaya Samarƙand."

Dariya ta ƙwace musu su duka, a cikin kuka.

Umma ta sa dabinon a haƙori, ya ƙi fasuwa. Sai da Hajar ta ɗauko taɓaryar ƙaramin turmi aka buga shi. Ya rabe biyu. Ta ba Hajar rabi, ta ba Nu'uman rabi.

"Ku ci. Bismillah."

Tauri kamar itace, sai ƙanshin tsohon tsumma. Amma da ya jima a baki, wani ɗan zaƙi ya fito daga can ciki. Hajar ta tauna tana kuka. Ba ta taɓa ɗanɗana wani abu na garinsu irin wannan ba.

Umma ta ɗauki ƙwallon ta ajiye a bakin faranti na hagu.

"Nan Katsina. Malam, mun iso."

Ta bar shi ya ɗan zauna, sannan ta ɗauke ta ƙulle a bakin mayafinta. "Wannan nawa ne. Sauran naku. In Allah ya ba ku 'ya'ya ku jera musu, amma da Hausa, kin ji ko, Balarabiya?"

An ɗaura auren a masallacin unguwa, babu kiɗa babu taro. Baffa Lurwanu, ƙanin Baba, ya wakilta limamin ta waya daga Katsina. A filin jirgi Umma ba ta yarda an daɗe ana sallama ba. Ta rungume 'yarta, ta ce "Allah ya yi miki albarka," ta juya tana ɗingisawa. Ba ta waiwayo ba. Hajar ta san dalili, hawayenta take ɓoyewa.

Juma'ar farko a ɗakinsu na unguwar Suwaidi, da suka gama cin abinci, Hajar ta goge farantin ta juye ƙwallayen. Ta jera su tun daga Makka, Nu'uman na zaune yana kallonta. Da ta kai Timbuktu sai hannunta ya tsaya. Gwangwanin ya ƙare, bakin hagu babu komai.

Wayarta ta yi ƙara.

"Umma!"

A bayan muryar tana jin kukan awaki da hayaniyar yara, da wata mata tana cewa a kawo wa Yaya Sabuwa kujera.

"Kin shimfiɗa farantin?"

"Na shimfiɗa, Umma... amma wurin Katsina babu kowa."

"To sa yatsanki a wurin."

Hajar ta ɗora yatsa a kan sanyin silban.

"Kin sa?"

"Na sa."

"Yauwa. Ina nan."