Asid Ya Jira Babban Baƙo

Ƙarfe biyu na rana aka kira Sufeto Wiratmo: bututu ya fashe a rijiyar mai ta tara, bayan garin Tuban, asid ya yi wa wani ma'aikaci mai suna Sugeng wanka. Innalillahi! Da Sufeto ya isa ya ɗaga zanin da aka rufe gawar da shi, sai da ya kau da kai.

Rijiyar irin wadda ake haƙawa a kwance ce. Man ya ja baya, shi ne za a ɗura mata asid ya ci dutsen ya buɗe hanya.

Pak Darmaji, wato Malam Darmaji, shugaban aikin, bai jira tambaya ba.

"Yallaɓai, ga mai laifi can. Lastri ce ta haɗa asid ɗin, ta manta maganin da ke hana shi cin ƙarfe."

"Yaushe kuka kunna famfon tura asid ɗin?"

"Ɗaya da rabi, bayan addu'ar buɗe aiki."

Lastri na zaune a ƙasa, an riga an sa mata ankwa. Ƙanwar mamacin ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Ni zan kashe yayana, Mas Sugeng?" Ta miƙo takarda. "Na sa magani, Pak. Ga shi na rubuta: ƙarfinsa awa huɗu ne a cikin bututu. Pak Darmaji ya sa hannu."

A rumfar taro Sufeto ya tarar da tumpeng, tulin shinkafar nan mai tsini da ba a fara babban aiki sai babba ya yanke kanta ya miƙa wa wanda ake son girmamawa. Ya taɓa, ta bushe ƙamas.

"Tun bakwai na kawo ta!" in ji mai girkin, Mbok Sarinten, rai a ɓace. "Babban manaja bai iso ba sai ɗaya. Kowa ya yi tsuru-tsuru, kajina suka sandare. Ga injin can ya dame mu da ƙara tun da safe."

"Wane inji?"

"Na famfo mana!"

Sufeto ya sa aka buɗe na'urar da ke rubuta aikin famfo. Ya karanta sau biyu, don bai yarda da idonsa ba. Ya juyo.

"Pak Darmaji, famfon nan ya tashi bakwai da rabi, ya tsaya takwas. Me ka tura?"

Darmaji ya sunkuyar da kai.

"Na cika bututun da asid ne tun da wuri," ya ce a hankali, "don da an yanke shinkafa manaja ya ga aiki ya tashi nan take. Sai ya makara."

"Awa shida asid na kwance a ƙarfe! Me ya hana ka wanke bututun?"

"Yallaɓai, kowa zai san na fara kafin addu'a. Da wane ido zan kalli manaja?"

Kunya fa! Sufeto ya matso kusa da shi.

"Wa ya aiki Sugeng ya buɗe bututun?"

"Ni ne."

"Kana tsaye a ina?"

Darmaji ya nuna bayan tankin ruwa, can nesa.

Aka cire ankwar daga hannun Lastri aka mayar nasa. Da za a wuce da shi, ta tare gabansa.

"Pak, da manaja ya yanke kan shinkafar ya ba ka, Mas Sugeng ka miƙa wa. Har gida ya kira a waya yana murna wai ka girmama shi."